Tunkiya a Cikin Ƙwayar Cuta

Shekara shida ke nan tana karatun digirin dakta, kuma duk wanda ya tambaye ta yaushe za ta gama, amsar ɗaya ce: "Saura ƙiris." Tun 'yan gidansu suna yi mata addu'a har suka koma yi mata dariya, daga nan sunan ya manne mata. Ƙannenta Anti Saura-Ƙiris suke ce mata, mijin yayarta ma da sunan ya ajiye lambarta a waya.

A hawa na biyu na wani tsohon gini da ke bayan asibitin jami'a take aiki. Asibitin ne ke aiko musu da ƙwayoyin cutar da aka samu a fitsari da jini da ruwan gyambo na marasa lafiyar da aka ɗura wa magani iri-iri bai yi musu komai ba. Ita takan shuka su a faranti, ta ba su abinci, ta sa su a ɗumi kamar 'yan tsaki, in sun yi ɓul-ɓul sai ta fasa su ta leƙa cikinsu. Abu biyu take nema. Na farko furotin, wato ma'aikatan cikin ƙwayar: akwai mai gadin ƙofa, akwai mai girki, akwai mai kwashe magani ya watsar waje kamar shara. Na biyu kuwa 'yan ƙananan sinadaran da aikin nasu ke bari, abin da ya rage a tukunya da tokar da ke murhu. In ta auna na masu taurin kai, sai ta auna na masu jin magani, ta ga inda suka sha bamban.

Babanta, wanda mahauci ne a babbar kasuwa, ya taƙaice duk wannan. In aka tambaye shi aikin 'yarsa sai ya ce, "Kiwon cuta take yi. Wasu na kiwon kaji, ita ta zaɓi wannan."

Mutum biyu ne ke da iko da rayuwarta a ginin. Ɗaya Farfesa, gajere mai babbar murya, wanda rabonsa da yin gwaji da hannunsa tun kafin a fara wayar hannu. Mutum ne mai jin sanyi ƙwarai, ga shi ɗakin gwajin dole a bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne saboda inji, don haka kullum yana cikin wata suwaita mai ruwan toka da ya sayo a wani taro a ƙasar waje. Ɗayan kuma Mai Inji, dattijon da ke kula da injin awo, wanda ake zuba wa ruwan ƙwayoyin ya auna duk abin da ke ciki ya zayyana a kwamfuta. Shekara talatin yana wurin. Lallaɓa injin yake yi kamar tsohon jaki, yana yi masa magana, wani lokaci har da zagi. Kawu take ce masa.

Wata safiya injin ya fito da wani abu. A duk kwalabe goma sha biyu na masu taurin kai, ga wani furotin tsaye ƙiƙam, a na masu jin magani kuwa ko ƙyallinsa babu. Ta sa kwamfuta ta bincika jerin furotin na irin wannan ƙwayar, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Kuskuren da ta yi shi ne ta nuna wa Farfesa kafin ta sake gwadawa.

Farfesa ya gyara tabarau, ya dubi allon, ya miƙe tsaye. "Kin san abin da kika gani? Ba ki sani ba. Wannan shi ne sulken da suke sawa! Shekara ashirin ina faɗa a aji cewa akwai shi."

"Ranka ya daɗe, da mun sake shuka wasu mun gwada..."

"Ke dai kin fiye tsoro. Shi ya sa har yau ba ki gama ba."

Kafin azahar ya raɗa wa furotin suna, rabin sunan kuma nasa ne. Kafin sati ya zagayo ya gaya wa shugaban jami'a, an sa ranar Alhamis ta sama don taron 'yan jarida, an ba da aikin buga ƙyalle mai hotonsa. Ya ce mata ta bar duk wani aiki. Dama akwai wani babi na kundin digirinta da ta kai masa tun wata huɗu, kan sinadaran cikin tukunyar nan, yana nan kan teburinsa ya zama matattarar kofin shayi.

Ita dai hankalinta bai kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza. Ranar Litinin, saura kwana goma a yi taro, ta zauna gaban kwamfuta ta ce da ita ta daina neman furotin ɗin a cikin dangin ƙwayoyin cuta kawai, ta neme shi a duk wata halitta da aka taɓa aunawa. Kwamfutar ta yi ta juyi har Mai Inji ya gama cin biredinsa. Sai amsa ta fito.

Ta karanta sau uku. "Kawu, zo ka gani, ko idona ne."

Mai Inji ya leƙo. Ya karanta a hankali, yana bin haruffan da ɗan yatsa. "Furotin gashi. Na tunkiya." Ya koma kujerarsa, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Kawu, dariya kake yi?"

"Ni? Tari ne, 'yata. Sanyin ɗakin nan."

Ta buga takardar ta kai ofishin Farfesa. Ya karanta, ya ajiye, ya ɗauka ya sake karantawa. Ta zaci zai yi ihu, amma sai ya yi wani ɗan murmushi da ya fi ihun ciwo.

"Tunkiya," ya ce. "To, a ginin nan wa ke da alaƙa da tumaki? Ni dai ubana malamin makaranta ne. Ke fa, me mahaifinki yake yi?"

"Mahauci ne, ranka ya daɗe."

"Ah to. Kin kwaso mana kasuwa kin zuba a kwalba. Kin ɓata samfurin, gashin ya rufe ainihin furotin ɗina. Ki je ki sake, kuma ki riƙa wanka kafin ki shigo. In taron nan ya lalace, a kanki ne, kuma kada ki sake kawo mini wata takarda in sa hannu."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. A motar haya ta yi ta haɗiye kuka, tana jin kamar kowa na shinshinar ta. Da ta isa gida da la'asar ta tarar da Baba a tsakar gida yana wasa wuƙaƙensa, ɗan yatsansa ɗaya naɗe da bandeji saboda yankan da ya yi makonni uku da suka wuce. Yana ganin fuskarta ya ajiye dutsen.

"Uwata, wa ya mutu? Ko cututtukan naki ne suka tsere?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Yana saurare yana gyaɗa kai, har ta zo wurin tunkiya. Nan ya miƙe zumbur.

"Tunkiya? Ni? Shekara ashirin da bakwai ina fiɗar shanu, a ce mini mahaucin tumaki? Ki je layinmu ki tambaya, ko akuya ba ta taɓa hawa teburina ba! Wannan ai raini ne."

"Baba, ba wannan ne abin damuwar ba. Cewa ya yi ni na ɓata aikin."

"Wannan tsakaninku ne. Ni dai a gyara mini sunana." Ya koma ya zauna, ya ɗauki wuƙa, ya ci gaba da wasawa. "Ke ma da karatunki. Gashi ai ba ya bin mutum sai in ya rungumi dabbar, ko kuma ya sa ta a jiki. Mahauci da jini ake gane shi. Ki duba wanda ke yawo da gashin tunkiya a wurinku."

Ta tsaya da kofin ruwa a hannu, suwaitar ulu ta Farfesa ta faɗo mata a rai.

Washegari ta riga kowa zuwa. A bangon baranda akwai wani babban hoto da aka manna kwanan nan, wanda kullum take wucewa ba ta kallo. Yau ta tsaya. Farfesa ne a gaban teburinta, ba farar riga, ba safar hannu, ya ɗaga kwalba sama yana kallonta kamar mai duban wata. Sauran kwalaben suna ƙasa a jere, bakinsu a buɗe, hannun suwaitarsa yana shawagi a kansu. Jan tambarin da take manna wa masu taurin kai ya fito raɗau.

Ta shiga ta sami Mai Inji yana goge injinsa. "Kawu, yaushe aka ɗauki hoton nan na waje?"

Bai juyo ba. "Ranar da kika kai babanki asibiti a duba masa yatsa. Mai hoton jami'a ya zo, Farfesa ya ce a fito masa da mafi haɗari. Ya buɗe su duka, wai hoto ya fi kyau haka."

"Kana gani ka yi shiru?"

"'Yata, saura wata takwas in yi ritaya. Wanda ya kusa gaɓa ba ya rawa a kwale-kwale." Ya ninke tsumman, ya sake buɗe shi. "Amma abin da ya gaya miki jiya har nan na jiyo shi, kuma bai yi mini daɗi ba. Hoto kaɗai ba zai kama shi ba, cewa zai yi suwaitar ta roba ce. Sai mun ba injin ya ɗanɗana."

Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa ganin Farfesa babu suwaitar. Ɗalibai har musu suke yi ko da ita yake wanka. Mai Inji ne ya kawo dabara. Ranar Laraba akwai zaman shirin taro a ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da ofis, wanda tagoginsa suka daɗe da ƙin buɗuwa. Kafin a shiga, ya je ya zare wani abu a bayan na'urar sanyaya ɗakin ya sa a aljihu.

Aka zauna ƙarfe sha biyu, rana ta take. Farfesa yana karanta jawabinsa, yana maimaita wurin da yake so a tafa. Minti goma, goshinsa ya fara ƙyalli. Minti ashirin, gumi na ɗiga a takardar. Ya dubi na'urar, ya dubi Mai Inji.

"Me ya same ta?"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe. Duk muna hanya."

Ya daure har shafi na huɗu, sannan ya ja tsaki, ya tuɓe suwaitar ya rataye a bayan kujera. Saura-Ƙiris ta sunkuyar da kai, don ta ga ashe a ƙarƙashi wata tsohuwar riga ce mai hoton kamfanin sabulu. Mai Inji ya tashi wai zai duba waya a bango, ya bi ta bayan kujerar, aka ji ɗan ƙaramin ƙas na abin yanke farce. Ya dawo ya zauna yana ta gyaɗa kai ga jawabin.

Kwana biyu suka yi suna narkar da zaren suna shirya shi. Ranar Juma'a da hantsi injin ya yi magana. Ta buga takardu biyu, ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta ɗaga su ga hasken taga. Layukan suka hau kan juna kamar tagwaye.

Wannan karon da ta shiga ofis ba ta jira an ce ta zauna ba. Ta ajiye takarda ta farko. "Wannan furotin ɗinka ne, ranka ya daɗe." Ta ajiye ta biyu. "Wannan kuma hannun suwaitarka ne, na hagu. In ka duba za ka ga wurin." Ta ɗora hoton baranda a kai, wanda ta ɗauka da waya.

Farfesa ya juya hannun rigarsa a hankali. Ga 'yar ɓula nan. Ya daɗe yana kallonta. Ita kuwa ta san a irin wannan lokaci ne ake korar mutum.

"Wa ya sani?" ya tambaya, muryarsa ta koma ta mutane.

"Ni da Kawu. Sai Babana, shi kuma ya ce a gaya maka shanu yake yankawa."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "An buga ƙyalle. Shugaban jami'a ya gayyaci mutane. In na fita na ce tunkiya ce..." Bai ƙarasa ba. Can ya ɗago. "Ba ki da wani abu? Ko ƙarami ne?"

"Yana ƙarƙashin kofinka."

Ya ɗaga kofin, ya zaro babin da ya sha zoben shayi har guda biyar. Ta yi masa bayani a tsaye. Da ta auna sinadaran cikin masu taurin kai, ta ga murhunsu a kusan mace yake. Ba sa ci sosai, ba sa aiki sosai, sun lafe sun rufe ƙofa, shi ya sa maganin ba ya samun shiga. Sai ta gwada zuba musu wani irin sukari a faranti tare da maganin. Kwaɗayi ya tashe su, suka buɗe ƙofa, magani ya bi abincin ya shiga. A iri bakwai cikin goma sha biyu, maganin da a da suke wanka da shi ya kashe su. Sau huɗu ta maimaita.

"A faranti kawai," ta ƙara. "Ba a gwada a jikin ko ɓera ba. Kuma biyar ba su kula ba."

Farfesa yana juya shafuka, fuskarsa tana washewa. "Ai wannan shi ne abin da nake faɗa a aji tun..."

"Ranka ya daɗe." Ita ma ta yi mamakin muryarta. "Sunana ne farko a takardar. Kuma ka sa hannu a babin nan da sauran ukun yau, ina tsaye."

Ya dube ta, ya dubi 'yar ɓular. Ya jawo biro.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to Farfesa ya iya naɗi. Ranar Alhamis ya fito cikin kwat, ya tsaya gaban ƙyallen da aka liƙe wa farar takarda a kan sunan furotin. Ya ce shi a tsarinsa yakan bar ɗalibai su bi hanyar da ba ta ɓullewa don su koyi darasi, kuma ya gode wa Allah darasin ya shiga. Sannan ya yi bayanin sukari da murhu da ƙofa, da kalmominta, har da inda take ɗan tsayawa. Ya nuna ta da hannu sau ɗaya, 'yan jarida suka waiga suka ga mace can ƙarshen zauren riƙe da kwalin ruwan sha, suka juyo. Maganar faranti da ɓera kuwa ya manta da ita.

Kwana biyu bayan haka gari ya ɗauka. Wata jarida ta rubuta cewa Farfesa ya gano sukari na kashe cutar da ta gagari likitoci. A waya aka yi ta tura saƙon, kowa na ƙara nasa, har ya koma cokali bakwai safe da yamma. Babban likitan asibiti ya hau benen da kansa, ya ce masu ciwon sukari uku aka kwantar a sashensa, kuma in ba a fita an gyara maganar ba shi zai fita, ba kuma zai yi ta da ladabi ba. Gidan rediyo ya ba da rabin awa ranar Talata da safe. Farfesa ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Haka Saura-Ƙiris ta tsinci kanta a wani ɗaki mai bangon soso, an ɗora mata abin ji a kunne wanda ya yi mata yawa. Minti biyar na farko ta yi ta magana kamar mai karanta takarda. Daga nan ta manta da makirufo, ta yi magana yadda take yi a tsakar gida. Ta ce abin a faranti aka gani, kuma mutum ba faranti ba ne. Ta ce ƙwayoyin nan ba aljanu ba ne, mu muka horar da su, da shan magani ba likita, da sha biyu a ajiye saura in an ji sauƙi. Wanda aka rubuta wa na kwana bakwai ya sha na kwana bakwai. Sukari kuma a bar shi inda aka san shi.

Aka buɗe layi. Wata mata ta tambaya ko zuma za ta yi a madadinsa, ta ce a'a. Wani ya tambaya ko rake fa, ta ce shi ma a'a. Sai wani mutum ya shigo da faɗa tun kafin a gaisa.

"Malama, ni mai shayi ne a bakin tasha. Kwana huɗu ke nan ban taɓa ciniki irin wannan ba, mutane har layi suke yi, kowa a ƙara masa cokali. Yanzu kina maganar nan mutum uku suka ajiye kofi suka tashi. Me na yi miki?"

Mai gabatarwa ya kashe makirufonsa yana dariya har da hawaye, ya yi mata alama da hannu ta amsa.

"Ka yi haƙuri, Malam," ta ce. "Shayinka shayi ne, ba laifinsa. Ka ce su dawo su shanye, cokali biyu ya isa."

"To ke za ki zo ki sha?"

Ta ce za ta zo. Da aka tashi daga shirin kuwa ta bi ta tashar, ta same shi yana ta mita, ta zauna a bencinsa. Sai da ya gane muryarta ya zuba mata, ya tura mata gwangwanin sukarin gabanta ya ce ta auna da kanta, tunda ita ce mai awo.